Najeriya, Nijar da Benin: da wane mudu ake awon?

Tun daga juyin mulkin Yamai na ranar 26 ga Yulin 2023, musun siyasar maƙwabta ya ture na ƙwallo a majalisun Hausawan Legas. A Agege, a Idi-Araba, a rumfunan 'yan albasa na Mile 12, har wajen 'yan tirela masu jiran lodi a Apapa, tambayar ɗaya ce: cikin ƙasashen nan wace ce ta kama hanya, wace ce ta ɓace? Musun yana da zafi a nan fiye da ko'ina, domin waɗanda ake magana a kan ƙasashensu a benci ɗaya suke zaune. Mai shayin daga Tawa yake, mai gadin gidan da ke fuskantarsa daga wajen Agadas ya fito, direban da ya tsaya karya kumallo a Kwatano ya kwana, mai canjin kuɗin kuma Bakano ne. Ba wanda yake magana da jita-jita kaɗai, kowa ya ga wani abu da idonsa.

Ra'ayin da ya fi ƙarfi, musamman a bakin matasa, na san shi kamar karatun allo. Sojojin Nijar maza ne, sun kori Faransa, sun sallami Amurka, sun karɓe ma'adinansu. Benin ƙarama ce amma tsaf take, titi lafiya lau, aiki yana tafiya. Najeriya kuwa sai girma, ba komai a ciki. Ban yarda da wannan hukunci ba, kuma ba don ina ganin ana mulkinmu da adalci ba ne. Dalilina shi ne, kafin a ce wannan ƙasa ta fi waccan arziki ko tsaro, sai an tambayi ta wace hanya labarin ya iso gare mu, da kuma wanda aka hana magana kafin ya iso.

Aljihu dai shi ne farkon shaida, jiki magayi. A 2014 jaka ɗaya ta sefa ba ta kai naira 400 ba. Daga 2024 zuwa yau sai ka ba da sama da naira 2,000 kafin ka karɓe ta. Ɗan Nijar da ke tura kurar ruwa ko gadi a Legas, wanda a da yake aika wa gida abin da zai riƙe iyali wata guda, yanzu in ya canza kuɗinsa abin da ya rage ba ya kai su mako biyu. Shi ya sa wasu suka tattara suka koma, wasu suka karkata zuwa Abidjan ko Akara. Mun san yadda aka yi naira ta faɗi. Shugaba Tinubu ya sanar da janye tallafin mai a ranar da aka rantsar da shi, 29 ga Mayun 2023, a watan Yuni kuma aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a 2024, hauhawar farashi ta wuce kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen shekarar. Wanda ya sayi buhun shinkafa ko ya biya kuɗin mota daga Agege zuwa Sakkwato a lokacin ba ya buƙatar a karanta masa alƙaluma.

Amma a lura da abu ɗaya. Ƙarfin sefa ba aikin Janar Abdourahamane Tiani, jagoran juyin mulkin Nijar, ba ne, ba kuma aikin Patrice Talon na Benin ba ne. Sefa a ɗaure take da yuro, kowace yuro ɗaya sefa 655.957, bisa tsarin da Faransa ke tsaya wa. Wato kuɗin da matasanmu ke nunawa a matsayin hujjar cewa Nijar ta fi mu, shi ne ragowar igiyar Faransa mafi kauri da har yanzu ba a tsinke ba. Ana ta maganar ƙasashen AES, wato ƙawancen Nijar da Mali da Burkina Faso, za su buga nasu kuɗin. Ranar da suka buga, ranar ce za a fara gwada su a wannan fanni, domin daga nan darajar kuɗin za ta dogara ne a kan abin da suke sayarwa waje da yadda suke riƙe baitulmali.

Ban raina ƙorafin 'yan Nijar ba, kuma duk wanda ya raina shi bai san tarihi ba. Tun farkon shekarun 1970 ake haƙar yuraniyom a Arlit ana kunna fitilun Faransa da shi, alhali har yau waɗanda ke da wutar lantarki a Nijar ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Don haka da aka ƙwace lasisin mahaƙar Imouraren daga hannun kamfanin Orano na Faransa a Yunin 2024, aka kuma mayar da Somaïr, kamfanin da ke haƙar yuraniyom a Arlit, mallakar gwamnati a 2025, na fahimci dalilin murnar mutane. Sai dai karɓe mahaƙa daban, kai kaya kasuwa daban. Nijar ba ta da teku. Man da ya sa tattalin arzikinta ya yi tsallen sama da kashi 8 cikin ɗari a 2024, daga Agadem yake fitowa, ya bi bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 wanda kamfanin CNPC na Chaina ya shimfiɗa, ya ƙare a Seme-Kpodji, a bakin tekun Benin, ɗan taƙi kaɗan daga iyakar Seme da direbobinmu ke tsallakawa kullum. Wato arzikin da Nijar ta fi sa rai a kansa ta ƙofar maƙwabcin da take gaba da shi yake fita. Ko bayan ECOWAS ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, Nijar ta ci gaba da rufe gadar Gaya da Malanbil da ke kan iyakarta da Benin, kaya suka koma zagayawa ta Lome da Burkina Faso da rakiyar soja. Kuɗin wannan zagaye ba janar ne ke biya ba, matar da ke sayen shinkafa da man girki a kasuwar Maraɗi ce.

A nan dole in faɗi namu laifin. Yanke wa Nijar wuta da Najeriya ta yi a Agustan 2023, alhali mu ke ba ta kusan kashi 70 cikin ɗari na lantarkinta, zalunci ne a kan talaka. Ba fadar shugaban ƙasa ce ta kwana cikin duhu ba, asibitoci ne da masu injin niƙa da masu sayar da ƙanƙara. Rufe iyaka kuma ya karya 'yan kasuwar Jibiya da Illela da Maigatari daidai yadda ya karya na Ƙonni da Magarya. Wannan mataki ya ba sojojin Yamai hujjar da ba su da ita a baya, kuma har yau muna biyan kuɗinsa.

Benin ta yi aiki, wannan ba abin musu ba ne. Tana sahun gaba wajen noman auduga a Afirka, ta kafa yankin masana'antu a Glo-Djigbe don a riƙa saƙa audugar da sarrafa kashu a gida, ta ba ƙwararrun tashar Antwerp ta Beljiyam riƙon tashar jiragen ruwa ta Kwatano tun 2018, kuma shekaru a jere tattalin arzikinta yana ƙaruwa da kashi 6 zuwa 7. Amma duk wanda ya taɓa fataucin shinkafa ko motocin tokumbo ya san cewa babban kwastoman Kwatano shi ne Najeriya. Da Buhari ya rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, kasuwar Dantokpa ta Kwatano ta ji a jikinta. Da aka janye tallafi a 2023, man kwalba da ake sayarwa a bakin titunan Benin ya ninka kuɗi cikin 'yan kwanaki. Ƙasa ce mai mutum wajen miliyan 14, kuma rabonta a manne yake da namu.

Mu kuwa abin da muke da shi shi ne yawa da kasuwa. Mutum sama da miliyan 200. Matatar Ɗangote a Lekki mai iya tace ganga 650,000 a rana, wadda ta fara fitar da fetur a Satumban 2024, bayan shekaru da dama muna sayar da ɗanye muna sayo tatacce. Sabuwar tashar jiragen ruwa ta Lekki. Mai shayi da mai nama da ke karɓar taransifa a waya, abin da ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya tilasta mana koya. Babu maƙwabciyar da ke da kwatankwacin wannan. Sai dai ƙasar da ke da duk wannan ita ce ke raba wa jama'arta megawat dubu huɗu zuwa biyar, ita ce wadda yawancin Arewarta ta shafe sama da mako guda babu wuta a Oktoban 2024 bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a 2022 mutum miliyan 133 ke cikin talauci ta fuskoki daban-daban, kuma kusan kashi biyu cikin uku a Arewa suke. Yawanmu a ƙarƙashin gadojin Legas ma shaida ne. Yaron da ya baro gonar ubansa a Zurmi ko Batsari ya zo yana facin takalmi a Obalende, ba sha'awar teku ce ta kawo shi ba, noman ne ya gagara saboda 'yan bindiga.

Wannan shi ya kawo mu maganar tsaro, inda musun ya fi ɓata hanya. Mutane suna son lissafin ƙarfe: wa ya fi jirage, wa ya fi tankoki, wa zai ci wa in an gwabza. In wannan ne, ba a ma fara ba an gama. Najeriya na da jiragen Super Tucano 12 da ta saya daga Amurka, da JF-17 daga Pakistan, da rundunar ruwa, da tarihin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ECOWAS, a Laberiya da Saliyo. A ranar 7 ga Disamban 2025, da wasu sojoji suka fito a talabijin a Kwatano suka ce sun hamɓarar da Shugaba Talon, jiragen yaƙin Najeriya na cikin abin da ya wargaza yunƙurin a yini ɗaya. To amma rundunar da ta iya ceton gwamnatin wata ƙasa cikin sa'o'i, ita ce ta kasa hana a tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a Maris ɗin 2022, ta kasa hana a kwashe 'yan makarantar Kuriga a Maris ɗin 2024. Ga mutumin ƙauye, tsaro shi ne ya je gona ya dawo, ya kwana a ɗakinsa ba a kan bishiya ba, ya girbe dawarsa ba tare da ya biya ɗan bindiga haraji ba. A wannan awo duk ƙasashen uku sun gaza.

Babban dalilin da Tiani ya bayar na kifar da Mohamed Bazoum shi ne taɓarɓarewar tsaro. Sojojin Faransa sun gama ficewa a Disamban 2023, na Amurka sun bar sansanin jirage marasa matuƙa na Agadas a 2024, masu horarwa daga Rasha sun iso a Afrilun 2024. Jini bai tsaya a yankin Tillaberi ba. A ranar 21 ga Maris 2025, cikin azumi, an kashe mutum 44 suna sallar Juma'a a ƙauyen Fambita. Benin da ake gani lafiya daga Kwatano, arewacinta yana ci da wuta: sojoji 28 a hari ɗaya a Janairun 2025, sannan 54 a watan Afrilu, a yankin gandun dajin W inda iyakarta ta haɗu da ta Nijar da Burkina Faso. Mu ma a Nuwamban 2024 hedikwatar tsaro ta fito ta amsa cewa mayaƙan Lakurawa sun kafa sansani a Sakkwato da Kebbi, ta hanyar iyakar Nijar.

Duba taswira ka ga inda ake mutuwa. Duk a kan iyaka ne, a wuraren da sojan wannan ƙasa yake tsayawa saboda ba shi da izinin tsallakawa, na waccan kuma ba ya ɗaga masa waya. Mai ɗauke da makami a kan babur bai san wata iyaka ba. A irin wannan hali ne Nijar ta fice daga ECOWAS tare da Mali da Burkina Faso a Janairun 2025, sannan a watan Maris ta janye daga rundunar haɗin gwiwa ta yankin Tafkin Chadi da ke yaƙar Boko Haram. Kafin nan, a Disamban 2024, Tiani ya yi doguwar hira da Hausa yana zargin Najeriya da haɗa baki da Faransa don a hargitsa ƙasarsa, Nuhu Ribadu, mai ba shugaban Najeriya shawara kan tsaro a lokacin, ya fito shi ma da Hausa ya ƙaryata. Babu wayar Bahaushe a Legas da wannan bidiyo bai shiga ba. Abin da ya dame ni shi ne yadda da yawa suka gaskata shi nan take, ba don an kawo hujja ba, sai don sun riga sun yanke ƙauna da nasu shugabannin. Wannan yanke ƙauna gaskiya ne, kuma shugabanninmu ne suka jawo shi. Amma fushi da gwamnatin Abuja ba ya mayar da maganar Yamai gaskiya.

To ta yaya ma muka san adadin waɗanda suka mutu a kowane wuri? A daren 3 ga Disamban 2023 jirgin soja maras matuƙi ya saki bam a kan masu Mauludi a Tudun Biri, jihar Kaduna, aka rasa rai aƙalla 85. Kafin gari ya gama wayewa hotunan gawarwaki sun cika Facebook da WhatsApp. 'Yan jarida suka isa, malamai suka yi magana a kan mumbari, rundunar sojan ƙasa ta amsa cewa ita ce, babban hafsanta na lokacin, marigayi Taoreed Lagbaja, ya je garin ya ba da haƙuri. Haƙuri ba ya dawo da rai, kuma hukuncin da ya kamata ya biyo baya ba mu gan shi a fili ba. Amma ba a iya binne maganar ba. Shekara guda bayan haka, a Disamban 2024, BBC ta ba da labarin wani mummunan hari a kan sojojin Nijar a yankin Tillaberi. Gwamnati ta ce ƙarya ne, ta dakatar da tashar wata uku, kamar yadda ta rufe RFI da France 24 tun Agustan 2023. Ɗan Nijar da ke son sanin ko ƙanensa soja yana raye, wa zai tambaya? Idan ɗan'uwa ya ce mini ai Nijar yanzu shiru kake ji, ina tambayarsa: harin ne ya ragu, ko mai ba da labarin ne aka rufe wa baki? In ba mu da hanyar bambance waɗannan biyun, to ba mu da ikon cewa tsaro ya inganta.

Shi ya sa nake ganin 'yancin intanet ba ƙarin ado ba ne a kan tattalin arziki da tsaro. Da shi ake gane gaskiyar sauran biyun. Kuma a wannan fanni babu mai tsabtataccen hannu. A Nijar, gwamnatin farar hula ce ta katse intanet na waya kwana goma bayan zaɓen Fabrairun 2021, don haka ba sojoji suka fara ba. Sun dai ƙara gaba: a Yunin 2024 suka dawo da hukuncin ɗauri a kan abin da mutum ya rubuta a intanet in an ce ɓata suna ne ko tayar da hankali, suka tsare ɗan fafutuka Moussa Tchangari a Disamban 2024, suka rusa jam'iyyun siyasa a 2025, shi kuma Bazoum aka cika shekara biyu da juyin mulki yana tsare ba a kai shi gaban alƙali ba. A Benin, an rufe intanet ranar zaɓen majalisa na 28 ga Afrilun 2019, zaɓen da aka hana 'yan adawa shiga. A ƙarshen shekarar aka ɗaure ɗan jarida Ignace Sossou saboda ya wallafa kalaman wani mai gabatar da ƙara a shafukansa. Manyan 'yan adawa biyu, Reckya Madougou da Joël Aïvo, an yanke musu shekara 20 da shekara 10 a 2021. Titin Kwatano yana da kyau, amma ɗan Benin yana auna kalmominsa kafin ya taɓa waya. Sauran maƙwabta ma haka: Chadi ta toshe kafafen sada zumunta wata 16 daga 2018 zuwa 2019, Kamaru ta yanke wa yankunan masu Ingilishi intanet wata uku a 2017.

Namu zunubin kuwa mun fi kowa saninsa. Gwamnatin Buhari ta rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 bayan an goge wani saƙonsa, har kotun ECOWAS ta ce matakin ya saɓa doka. Wannan ya yi ƙara a duniya saboda ya taɓa 'yan boko da 'yan kasuwar Legas. Wanda ya fi cin mu rai shi ne wanda bai yi ƙara ba: ɗauke sabis gaba ɗaya a Zamfara a Satumban 2021, da sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna daga baya. An ce don a hana 'yan bindiga magana da masu kai musu rahoto. Waɗanda ke Legas a lokacin suna tuna makonnin da mutum ba ya iya jin muryar mahaifiyarsa, ba ya iya aika mata kuɗin cefane, bai san ko an shiga garinsu ba. Mutanen ƙauye suka rasa hanyar kiran agaji in an kawo hari. Aka dawo da sabis, 'yan bindiga suna nan. Haka aka toshe miliyoyin layuka a 2024 saboda ba a haɗa su da lambar NIN ba, aka ce da haka za a kama masu garkuwa, amma har gobe da waya ake cinikin kuɗin fansa. Ga kuma sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda aka yi ta kama 'yan jarida da talakawa da shi. An yi masa kwaskwarima a 2024, kamen bai tsaya ba. A Kano a 2022 kotu ta sa an yi wa wasu matasa biyu bulala saboda bidiyon barkwanci a kan gwamna.

Duk da haka akwai bambanci, kuma shi ne ya sa in aka tilasta mini zaɓi, a kan Najeriya zan sa rai. A nan hayaniya tana aiki. A Nuwamban 2022 aka kama wani ɗalibin jami'a saboda rubutu a kan uwargidan shugaban ƙasa ta lokacin. Jama'a suka yi ca, aka janye ƙarar. A Nuwamban 2024 aka gurfanar da yaran Arewa da aka kama tun zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta, ana tuhumarsu da cin amanar ƙasa. Wasu suka yanke jiki suka faɗi a kotu don yunwa, wani ya ɗauka a waya, cikin 'yan kwanaki shugaban ƙasa ya ba da umarnin a sake su. Wasu daga cikin masu zanga-zangar tutar Rasha suka ɗaga suna kiran soja ya karɓi mulki. Ina roƙon duk mai wannan ra'ayi ya tambayi kansa da gaske: da a ƙarƙashin mulkin da suke kira ne aka kama su, wa zai ɗauki bidiyon, wa zai yaɗa shi, wane lauya zai tsaya musu?

Akwai dattijon da in an kawo wannan magana yakan ce, “Malam, 'yanci ake ci? A ba ni shinkafa da arha, a ɗauke Facebook ɗin.” Ina girmama wannan magana, domin mai yunwa ne ke yin ta. Amma Baba, babu gwamnatin da ta taɓa karɓar bakin mutane ta biya su da shinkafa. Karɓa kawai take yi. Gana ta shiga matsin da ya kai namu: ta kasa biyan bashi a Disamban 2022, hauhawar farashi ta kai kashi 54. Ba ta rufe intanet ba. Mutane suka yi ta zagi a rediyo da waya, a Disamban 2024 suka kayar da jam'iyya mai mulki, ɗan takararta Mahamudu Bawumia ya kira abokin hamayyarsa John Mahama ya taya shi murna tun ba a gama sanar da sakamako ba, a 2025 kuma sidi, kuɗin Gana, ta farfaɗo. Sannan shinkafar ma ai da waya ake nemanta. Dillalin tumatir a Mile 12 da waya yake jin farashin Kadawa da Ɗanja kafin ya sa wa kwando kuɗi. Direban shanu da ya taso daga Maigatari zuwa Oko-Oba a zauren WhatsApp na 'yan'uwansa yake jin inda aka tare hanya.

Ban manta da haɗarin ba, mu da muke baƙi a Kudu mun fi kowa saninsa. Saƙon ƙarya guda ɗaya na iya sa a far wa unguwa. Mun ga rikicin Mile 12 na 2016, mun ga na kasuwar Shasha a Ibadan a 2021, mun san yadda hoton wata ƙasa ko na wata shekara ke yawo ana cewa yau aka yi. Mu kanmu muna da laifin tura abin da ba mu tantance ba. Amma mu tuna da Uromi, a Maris ɗin 2025, inda aka kashe mafarauta 16 'yan Arewa da ke hanyar komawa gida sallah. Ba don bidiyon ya fita ba, da an ce ɓarayi ne an wuce wurin. Fitarsa ce ta sa gwamnan Edo ya tafi Kano ta'aziyya, aka kama mutane. Maganin ƙarya shi ne a hukunta wanda ya ƙirƙire ta a gaban kotu, da hujja, ba a kashe wa miliyoyin mutane layi ba. Kuma wanda ba shi da jarida, ba shi da gidan talabijin, ba shi da ɗan'uwa a ofis, wayar hannunsa ce kaɗai shaidarsa. Yawancin Hausawan Legas a wannan sahu muke.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne, wannan ɗan fifiko da muke da shi a kan maƙwabta ana gutsurarsa a hankali, kuma mu ba mu ɗauke shi namu ba. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Wanda bai iya sayen data ba, ba sai an toshe shi ba. A 2019 an kawo ƙudurori biyu a majalisar dattawa, ɗaya na takaita kafafen sada zumunta wanda zai ba hukuma ikon sa a rufe intanet, ɗaya na kalaman ƙiyayya wanda har hukuncin kisa aka sa a ciki. Duka biyun sanatocin jihar Neja ne suka gabatar da su, wato daga cikinmu. Surutun jama'a ne ya dakatar da su, kuma a ganina muryarmu ba ta fito a wannan surutu yadda ya kamata ba, kamar abin na 'yan Lekki ne kawai. Alhali da Twitter aka rufe masu hali sun bi ta bayan gida sun ci gaba da shiga, amma da aka ɗauke sabis a Zamfara babu wata bayan gida.

Zaɓen 2027 na tafe, kuma za su zo. Za su zo fadar Sarkin Hausawan Agege, za su zo Idi-Araba da Mile 12, da babbar riga da 'yar Hausar da suka haddace. Ina so a samu wanda zai miƙe a wajen taron, bayan gaisuwa, ya tambayi ɗan takarar majalisa abu biyu: zai goyi bayan dokar da za ta hana kowace gwamnati ɗauke wa jiha sabis ba tare da izinin kotu ba? Kuma me zai yi da sashe na 24?